Tsaron da Kawu Ya Yi a Kan Ƙanƙara

Kawuna ya rasu ranar wata Talata da hantsi a gidansa na Tungan Maje, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba rasuwar ce kaɗai ta sa na ɗauki biro ba, don kowa da ranarsa. Irin shaidar da na ji ana yi masa a zaman makoki ce ta hana ni sukuni.

Jama'a kam sun zo. Kanawa da Katsinawa masu shaguna a Zuba, 'yan acaɓa, matan da ke sayar da zoɓo da kunun aya waɗanda ya yi shekara talatin yana gyara musu firji, da maƙwabtansa Kiristoci da ke kiransa Baba Firji. Kowa ya zauna sai ya ce mana ya haƙuri, mu ce da godiya, sannan ya ɗora da yabo. Sai dai duk yabon da aka yi, da jela yake zuwa.

"Mutumin kirki ne," in ji wani Alhaji Bakatsine mai shagon atamfa. "Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Labarin ƙanƙarar nan ne kawai, Allah ya yafe masa."

Aka ce amin, har da masu murmushi.

Limamin unguwa ya gyara zama ya ce, "Ai ba ƙarya ce mai cutarwa ba. Raha ce. Allah ba zai kama shi da ita ba, in sha Allahu."

Wata maƙwabciyarsa 'yar Binuwai da ta zo shiga wajen mata ta tsaya a bakin rumfa tana share hawaye. "Baba Firji? Kai, ita mutumin kirki ne. Amma in ta fara wannan labari na ais, sai ka riƙe cikinka, wallahi." Ta yi dariya, ta sake fashewa da kuka, ta shige.

Ina zaune a kan tabarma, raina a ɓace. Mutum yana kwance a ƙasa tun jiya, ana roƙa masa gafarar ƙarya a bainar jama'a, ana ta amin. Na so in tashi in ce su bar shi haka. To in ce me? Duk wajen nan babu wanda ya taɓa kiran Kawu maƙaryaci a gaban idonsa sai mutum ɗaya, kuma ni ne.

Bari in koma baya, don wanda bai san mu ba.

Kakanmu kuku ne. Ya bi wani babban ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki Kanada, ya tafi da babban ɗansa, wato Kawu, yana da shekara biyar. Kakarmu ta zauna a Zariya da goyon mahaifiyata. Da wa'adin aikin ya ƙare kakanmu ya dawo, ya bar ɗan a hannun wasu Turawa maƙwabta don ya gama makaranta. Makarantar ta yi ta ja, wasiƙu suka yi ta raguwa. Sai da kakanmu ya rasu aka rubuta masa, sannan ya dawo. Umma ta ce ranar da ya sauka ba ta gane yayanta ba: ƙato mai faɗin kafaɗa, yana ɗingishi, haƙoran gaba huɗu babu, Hausar kuma ta zube saura 'yan tsiraru.

Da aka natsa, Kaka ta zaunar da shi ta tambaye shi abin da duk uwa za ta tambaya.

"Kai kuwa wace sana'a kake yi a can?"

Ya yi ta laluben kalma, can ya ce, "Tsaro."

"Tsaron me?"

"Baya. A kan ƙanƙara. Suna biya."

"Da sanda?" in ji Kaka, don ta ga yana nuna riƙon wani abu da hannu biyu.

Ya yi murna ta gane. "Da sanda!"

Shi ke nan, Kaka ta haɗa lissafinta. Mai tsaro, da sanda, a baya, wajen ƙanƙara, ana biyansa: ɗanta maigadi ne a ƙofar bayan kamfanin ƙanƙara. Haƙoran da gwiwar kuwa ba sai an tambaya ba, ɓarayi ne. Ta yi kukanta, ta ce an kai yaro ƙasar Turawa neman ilimi ya ƙare a gadi, kuma kada wanda ya kuskura ya fitar da zancen waje. Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta sani.

Lokacin da Hausarsa ta dawo har ya iya bayani, gadi ya riga ya zauna daram. Ya ce wasa ne, irin ƙwallon gora, amma a kan ƙanƙara ake yi. Ya ce shi ɗan baya ne, aikinsa hana abokan karawa isa raga, kuma shekara biyu ya yi yana cin abinci da shi kafin gwiwa ta tafi. Mutane suka ji, suka gyaɗa kai, suka ce Allah sarki, kunyar gadin ce ta sa ya yi masa ado.

Sana'ar firji ma da ƙarfi aka yi masa ita. Tun a Zariya duk wanda firjinsa ya lalace sai a ce ya kai wa wanda ya yi aiki a kamfanin ƙanƙara. Ya ce bai iya ba, aka ce tawali'u ne. Da ya gaji da mayar da mutane, sai ya je ya zauna wajen wani Inyamuri ya koya. Da ita ya taho Abuja lokacin da gari ke tasowa, da ita ya yi aure, ya aurar da ƙannensa, ya biya mini makaranta bayan rasuwar mahaifina. Shi Allah bai ba shi haihuwa ba, ni ne ɗansa, kuma da ɗana yake kirana.

Ina son in tuna shi yadda yake, ba yadda aka riƙa fassara shi ba, amma ko ni abin cakuɗe mini yake yi.

Kawu bai iya fita daga ɗaki kamar kowa ba. Da baya yake fita, yana fuskantar mutane, kuma bai taɓa cin karo da ƙofa ko buta ba. Wasu suka ce ladabi ne, wasu suka ce wani malami ne ya hana shi juya wa mutane baya. In ka tambaye shi sai ya ce, "Wanda ke tsaron baya ba ya juya wa abin da ke zuwa ƙeya." Sai a ce ka ji maigadi.

Ruwan sanyi kuwa ko a azumi ba ya sha. Mutumin da ke wuni cikin firji, da shayi mai zafi yake buɗa baki. Ya ce ya sha sanyin da zai ishe shi har kabari. Amma in ya gyara firji, ƙanƙara ta fara kamawa a jikin bango, sai ya kankaro 'yar kaɗan da farce ya murza a yatsu har ta narke. Mai firjin na tsaye yana jiran a faɗa masa an gama.

Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita. In za ka yi ciniki, ko za ka nemi aure, ko wani ya zo maka da daɗin baki, sai ya ce, "Ɗana, kada ka kalli hannun mutum, kada ka kalli ƙafarsa. Hannu na yaudara, ƙafa na yaudara. Kalli ƙirjinsa. Inda ƙirji ya nufa, can mutum za shi." Na ɗauka karin magana ce ta tsofaffin Zazzau, har na taɓa faɗa wa wani dattijo ita, ya ce shi bai taɓa ji ba.

Sai haƙoran roba. Yana kula da su fiye da yadda wasu ke kula da mota. In rigima ta tashi a unguwa za shi rabo, abu na farko da zai yi shi ne ya cire su, ya naɗe a hankici, ya miƙa wa wanda ke kusa. Duk Tungan Maje an san in Baba Firji ya cire haƙora, to magana ta ƙare.

Na taɓa riƙe masa su sau ɗaya, a tashar Zuba, da rana tsaka, lokacin ina sabon ma'aikaci. Wani ya yi ihun an sace masa waya, aka nuna wani Batibi mai sayar da doya, kan ka ce kwabo mutane sun yi masa ca da duwatsu da itace. Kawu ya danƙa mini hankici ya kutsa. Bai daki kowa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya shiga gaban mutumin, ya ɗan durƙusa, ya buɗe hannuwa, ya riƙa ja da baya da shi a hankali. Duk wanda ya zaburo ta dama sai ya tarar da Kawu a dama, wanda ya kewayo ta hagu ya tarar da shi a hagu. Wani ƙato ya taho da gudu, Kawu ya sa masa kafaɗa kawai, sai ga ƙato zaune a cikin kwata yana mamaki. Haka ya kai mutumin har cikin wani shago aka rufe. Daga baya mai wayar ya same ta a aljihun jakarsa.

Mai doyar nan bai taɓa fashin kawo wa Kawu sabuwar doya ba duk shekara. Ya zo makoki, ya fi mu kuka. Amma ko shi abin da ya ce da ni shi ne, "Oga, tun ranar nan na yarda Baba ya yi gadi a ƙasar waje. Ta iya tare mutane sosai." Kun ga matsalar. Duk abin da Kawu ya yi da zai nuna gaskiyarsa, sai ya zama hujjar gadi.

Labarin nasa kuwa kullum iri ɗaya ne. Fili ne babba a cikin ɗaki, ƙasansa duk ƙanƙara. Takalman 'yan wasa da wuƙa a tafinsu, a kanta suke tsayawa, su riƙa sulalewa da gudun da ya fi na keke. Ƙwallon ba ƙwallo ba ce, wani baƙin abu ne mai faɗi kamar waina, amma da tauri irin na dutse. Da ya kai nan za a fara.

"Baba, wuƙar ba ta yanka ƙafar?"

"To in an ɗauke wuta fa, filin ya narke, sai a koma iyo?"

"Waina kuma? Da miyar taushe ake bugawa?"

Shi ma sai ya yi dariya tare da su. Ban taɓa ganin ya yi fushi ba, kuma wannan ma ya ƙara sa na ɗauka shi kansa ya san raha yake yi.

Ranar sunan 'yata ta fari na yi abin da na yi. A gidan da nake haya a Gwagwalada ne, kuma ogana na ofis ya zo, mutumin da na yi wata guda ina roƙon ya halarta. Aka zaunar da shi kusa da Kawu. Suka fara Turanci, oga ya ji Turancin Kawu ya fi nasa gogewa, ya tambaye shi inda ya koya. Kawu ya gyara hula, ya fara labarin ƙanƙara. Na ga abokan aikina sun fara taɓa juna, wani har ya rufe baki da hankici. Kunya ta rufe ni, zuciya ta ɗebe ni, na katse shi a tsakiyar magana.

"Haba Kawu! Gadi ba abin kunya ba ne. Ka yi gadi, ka yi gadi, Allah ya rufa maka asiri. Don Allah ka daina wannan ƙaryar a gaban manyan mutane."

Kawu ya dube ni, ba a fuska ba, a ƙirji. Sannan ya ce, "To, ɗana." Ya ci gaba da cin shinkafarsa har ya cinye, ya yi wa jaririya addu'a, ya fita da baya kamar kullum.

Umma ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Ba wai ta yarda da labarin ba ne, cewa ta yi ko ƙarya babba ya yi ba bakin ɗa ne zai faɗa ba. Ni kuwa na ɗauki waya na rubuta sunansa na bincika, ban ga komai ba, na ce to ga shi nan. Na yarda na yi rashin kunya, amma ban yarda na yi zalunci ba, saboda haka haƙurin da na ba shi na fatar baki ne. Magana kuwa zarar bunu ce.

Bai canza mini fuska ba. Ya ci gaba da zuwa gidana, yana gyara mini firji, yana kawo wa yara rake. Amma daga ranar bai sake ba da labarin ba, ko a gida ko a waje, har shekara takwas. In yarana suka ce Kaka ba mu labarin ƙanƙara, sai ya ce, "Ku tambayi babanku, shi ya san aikin da na yi." Yana faɗa yana murmushi.

Da wannan nake zaune a rumfar makoki har ranar uku. An gama addu'a da safe, ana raba gumba da waina, sai ga Keke Napep ta tsaya. Wani tsoho ya sauko da ƙyar, da kwat da malafa da sandar dogarawa. Ya cire malafar, ya gaisa da liman, ya ce shi mutumin Filato ne, ya yi ritaya daga koyarwa a jami'a, a Gwagwalada yake zaune, jiya ya ji labari a coci daga bakin wata mai zoɓo. Aka ba shi kujera.

"Sannunku da haƙuri," ya ce. "Ni na san wannan mutum tun a Kanada. Ina karatu a garin da yake wasa."

Alhaji mai atamfa ya tsaya da gumba a hannu. "Garin da yake me?"

"Wasa. Hoki. Ba ku sani ba? Ita fa difenda ne."

Jama'a suka juyo gaba ɗaya wajensa.

"Mu 'yan Najeriya a garin ba mu kai goma ba," tsohon ya ci gaba. "Aka ce mana akwai wani baƙi a tim ɗin garin, ɗan ƙasarmu. Muka sayi tikiti muka je. Sanyi kamar zai kashe ni. Ni ban gane komai a wasan ba, gaskiya, na ga dai suna gudu suna buga juna da bango. Amma na gan shi da idona. Ba babban tim ba ne, ƙaramin gari ne. Kuma shi ba ya cin ƙwallo, aikinsa hana ci. In ya tare ka, ka taru."

"To gadin fa?" in ji Alhaji.

"Wane gadi?"

"Na kamfanin ƙanƙara."

"Wane kamfani?"

Suka tsaya suna kallon juna, kowa na zaton ɗayan ne ya rikice. Liman ya sa baki a hankali ya ce ko dai da rana yana wasan, da dare yana gadin. Tsohon ya ce shi dai bai san wani gadi ba. Wani daga baya ya ce to ai ƙila wasan ma a harabar kamfanin ake yi.

"Ranar da na je ma sai da aka kulle shi sau biyu," in ji tsohon, yana 'yar dariya.

Rumfa ta ɗauki salati. "Kulle shi? A kurkuku?"

"A'a, a wani ɗan akwati a gefen fili."

"Akwati! Shekara nawa?"

"Minti biyu."

"Wane irin laifi ne na minti biyu?" in ji liman.

"Ya maƙale ƙafar wani da sanda. In ka yi laifi sai ka zauna a ciki, in lokaci ya cika ka fito ka ci gaba."

Mai doya ya ce wannan ƙasa da adalci take. Alhaji ya ce shi fa har yanzu bai ga inda wuƙar ta shigo ba. Tsohon ya ɗaga ƙafarsa ya nuna tafin takalminsa da sanda, ya ja layi daga dunduniya zuwa yatsu. Daidai yadda Kawu ke nunawa.

Na matsa kusa da shi. Na ce, "Baba, na bincika sunansa a waya ban ga komai ba."

"Wane suna ka sa?"

Na faɗa masa.

"Ai ba za ka gani ba. A can da sunan Turawan da suka riƙe shi ake kiransa, shi ne a bayan rigarsa. Ni ma na manta yadda ake rubuta shi. Kuma abin ya daɗe, wa zai ajiye labarin ƙaramin tim?"

"To me ya sa ba ka taɓa zuwa ka faɗa wa mutane ba?"

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce shekarun baya ya kawo gyaran firji, suka gane juna, suka rungume juna a tsakiyar titi. Ya ji yaran shago na tsokanar Kawu, ya ce bari ya yi musu bayani. Kawu ya riƙe masa hannu ya ce, "Bar su, Farfesa. In ka faɗa, cewa za su yi mun zama mu biyu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban shirya magana ba, kuma abin da ya fito bai da tsari. Na ce jama'a, kwana uku ke nan muna roƙa wa Kawu gafarar ƙaryar da bai yi ba. Na ce ni ne na kira shi maƙaryaci a gaban baƙi ranar sunan 'yata, wasunku na wajen. Na ce ni ne maƙaryacin, ku shaida. Daga nan kuka ya ci ƙarfina, na koma na zauna kamar an tura ni.

Liman ya ce, "To, ashe mu ne masu neman yafiya, wanda za mu nema wajensa kuma ya tafi. A yi masa addu'a, a yi mana." Aka ɗaga hannu. Ko a cikin addu'ar ina jin wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi cewa shi fa bai gane ba, wasan ne ƙarya ko gadin.

Ana shafawa sai aka aiko daga cikin gida cewa Inna, matar Kawu, na son ganina da baƙon. Tagar ɗakinta na kallon rumfar, ta ji komai. Muka shiga tsakar gida, na ajiye wa tsohon kujera a bakin ƙofarta. Tana cikin takaba, saboda haka daga bayan labule ta yi magana. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya.

"Baba, da idonka ka gani?" ta ce.

"Da idona, Mama."

Daga bayan labulen ta ci gaba.

"Makonmu ɗaya da aure ya ba ni labarin nan. Surukata ta riga ta ja mini kunne cewa gadi ya yi, kuma yana jin kunya, in ya fara in bi shi da to. Shekara arba'in ina bin sa da to. Shekara arba'in ina rufa masa asirin abin da bai yi ba. In mata suka tambaye ni sai in kawar da zance, ina ganin ni mai kara ce."

Ina tsugune a gefen ƙofa ina kallon siminti.

"Akwai wanda ya fi yawan ba ni," ta ce. "Na ranar da gwiwar ta tafi. Ya ce an yi kunnen doki, saura kaɗan a tashi, abokansa duk sun tafi gaba. Sai ga mutum biyu sun nufo shi, shi kaɗai, yana ja da baya. Kullum in ya kai nan sai tausayinsa ya kama ni, in ce masa Malam tuwo zai huce. Baba, ya tare su, ko sun wuce?"

Tsohon ya juya malafarsa a hannu. "Mama, ki yi haƙuri. Ranar ban je ba, ina jarrabawa. Sai daga baya na ji yana asibiti."

Labulen ya ɗan motsa, na san ni ta juyo.

"Kai fa? Kai ne ɗansa. Ka fi kowa zama da shi."

Na san labarin. Na ji shi ya fi sau ashirin, a shago, a mota, a bakin masallaci. Na san mutum biyun, na san ɗayan dogo ne mai jan gemu, na san Kawu na ja da baya yana kallon ƙirjinsa. Na laluba kaina in ji abin da ya biyo baya, ban sami komai ba sai dariyar mutane da tawa. Ranar suna ma daidai nan ya kai na tare shi.

"Ban sani ba, Inna," na ce.

"Je ka tambayo a waje. Cikin mutanen nan duka ai ba a rasa wanda ya ji ƙarshe."

Na fita na tambaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, liman, Alhaji, mai doya, yaran shagonsa da suka zama magidanta, matan zoɓo. Kowa ya san wuƙa, kowa ya san waina, kowa ya san mutum biyun, amma babu wanda ya ji ƙarshe. Na dawo na tsuguna a bakin labule. Ba ta tambaye ni ba.

"To," ta ce. Can kuma ta ce, "Ka ji ni, na sake cewa to."

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi shaidar da muka makara ba mu bayar ba. Ni dai tawa ga ta a rubuce: ɗan wasa ne, shekara biyu ya yi yana tsaron baya a kan ƙanƙara, kuma gaskiya ya faɗa tun ranar farko. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran ya zo da shi har bakinsa sau ashirin, ban bar shi ya faɗa ba.